Wasiƙa Zuwa ga Kujerar Tsakiya ta Jirgin Sama

Ranki ya daɗe Hajiya Kujerar Tsakiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya tsakanin maƙwabtanki biyu. Daga Dogo-Dogo ta ƙasar Dungas, jihar Damagaram, nake rubuto miki.

Labari ya iso mana cewa duk duniya ba mai son ki. An ce ma'auratan Turai har dabara gare su: a jirgin da kujerunsa ke jere uku-uku, irin Boeing 737, miji ya kama ta bakin hanya, mata ta kama ta taga, su tsallake ki suna fatan kada kowa ya saye ki. In an saye, su roƙi mutumin a yi musaya, shi kuwa abin nema ya samu. To, wannan wayo ba ya ci a jirgin alhazai, ko daga Yamai ya tashi ko daga Kano. Nan ba kujerar da ke tafiya ba mai ita.

Mu dai ba mu saba zama kafaɗa da kafaɗa da iyali a bainar jama'a ba. A motar Magarya ma maza gaba, mata baya, kowa da mutuncinsa. Amma tafiyar kusan awa biyar daga Kano zuwa Jidda, wa zai zuba ido wani ƙato ya yi ta gyangyaɗi kansa na sauka kan mayafin Hajiya? Dole maigida ya haɗiye kunya ya zauna a kanki. Ke ce kujerar magidanta, ko kin sani ko ba ki sani ba.

Mai mata biyu kuwa sai addu'a. Uwargida a dama, amarya a hagu, taga guda ɗaya. "Malam, ita za ta ga Bahar Maliya, ni kuma keken abinci ya yi ta bugun gwiwata?" Malamai sun daɗe da warware rabon kwana, rabon taga ne har yau ba mu ji fatawarsa ba. Ka ce zuwa na uwargida, dawowa na amarya, sai jirgin dawowa ya tashi cikin dare, amarya ta leƙa ba ta ga komai ba sai fuskarta a gilashi. Kai kuma kana tsakiya, gwiwa a ƙirji, madogaran hannu biyun da aka ce naka ne duk an ƙwace.

Na ji a Airbus A330 biyu ne a gefe, huɗu a tsakiya, biyu a ɗaya gefen. Mai mata ɗaya ya huta. Mai huɗu ma ya huta, don jera su zai yi reras, ya tsallaka hanya ya yi barcinsa.

Roƙo ɗaya gare ni. Ki gaya wa masu rabon kujeru su daina raba tsoho da tsohuwarsa. Matar da ba ta taɓa wuce Damagaram ba, a miƙa mata takarda an rubuta 32E, mijinta yana can layi goma a gaba, ba ta san yadda ake ɗaure bel ba, kunya kuma ta hana ta tambayi baƙo hanyar makewayi. A auna kayansu tare, a ba su lamba tare.

Ki gaida ta taga, ki ce ta rage girman kai.

Naki,
Wani magidanci daga Dogo-Dogo