Yadda Na Yi Kyautar Sarauniya a Fadan Kagoma

Laifin citta ne. Da cutar nan ba ta faɗa wa gonakin kudancin Kaduna a daminar 2023 ta ruɓar da citta tun tana cikin ƙasa ba, da ni da ches sai dai gani a hoto. Sana'ata bin ƙauyuka in sayi busasshiyar citta in kai wa manyan dillalai a Kafanchan. To kaya suka yi ƙaranci, sito ya koma masaukin ɓeraye, ni kuma na koma zaman benci da waya a hannu. Ana cikin haka, a watan Afrilun 2024, sai ga labarin Tunde Onakoya, ɗan Najeriyar da ya zauna a dandalin Times Square na New York ya yi awa 60 yana buga ches. Na ce ashe zama ma sana'a ne? Ai kuwa an zo fagena.

Tafiyar doki da ta bishop ba su ba ni wuya ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne fari ke fara taka allo, mai baƙi kuwa sai a ce ya yi haƙuri, ya tsare gida, ya jira. Ni da na san wanda ya tsaya jiran a yanka masa farashi ya sha ƙasa, ina zan iya? Na shiga YouTube neman hanyar da baƙi zai fara kai mari, na ci karo da bidiyon wani gwani ɗan Amurka, Eric Rosen, yana koyar da salon buɗe wasa da ake kira Stafford Gambit.

Ga yadda abin yake. Fari ya tura kurtun gaban sarki gida biyu, kai ma ka tura naka. Ya fito da doki, ka fito da naka. Ya cinye maka kurtu, maimakon ka nemi ramuwa sai ka miƙa masa ɗaya dokin ku yi musaya. An ci ka kurtu ɗaya ke nan, amma hanyoyi sun buɗe wa sarauniyarka da bishop ɗinka biyu. Zumar tana gaba: idan fari ya kawo bishop gidan g5 yana harin sarauniyarka, sai ka yi kamar ba ka gani ba, ka ɗauke dokin da ke kare ta ka ci kurtun e4. Ya haɗiye sarauniya yana murna, bishop ɗinka ya faɗa f2, sarkinsa ya matsa e2, ɗaya bishop ɗin ya sauka g4, an gama a tafiya ta 8. Kwamfuta dai ta ce fari ne da riba idan ya natsu, amma ita kwamfuta ba ta san daɗin ganin fuskar mutum ta canza ba.

Na haddace shi tsaf. Har kukan ƙarya na koya, in ɗora hannu a ka in ce wayyo sarauniyata, ina gwadawa a tsakar gida uwargida tana kallona tana girgiza kai. A waya na kama mutane da dama da wannan tarko, galibi da tsakar dare, wataƙila suna gyangyaɗi.

Ran nan na hau acaɓa zuwa Fadan Kagoma neman ragowar citta. Citta ban samu ba, amma a gindin wani mangwaro na tarar da wani dattijo da allon ches na katako, ɗaya hasumiyar ta ɓata an maye gurbinta da murfin kwalba. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya yi aiki a Kafanchan tun lokacin da jiragen Fatakwal da na Jos da na Kaduna ke haɗuwa a tashar. Na gaishe shi, na ce ko za a taɓa. Ya ce, "Ɗana, kai baƙo ne, ɗauki fari." Na ce, "A'a Baba, girma naka ne, bar mini baƙi." Muka yi sharaɗi wanda aka ci zai sayi tsire.

Komai ya tafi kamar da shi muka kalli bidiyon. Sai a tafiya ta 6 Baba ya sa ɗan yatsa ya tura kurtun gefe gida ɗaya, zuwa h3. Na yi dariya a ciki, na ce tafiyar 'yan fansho. Na tura nawa kurtun gefen ni ma. Sai ga bishop a g5! Gabana ya faɗi don murna. Na ɗauke doki na ci e4, na ɗora hannu a ka na kurma ihun da na sha gwadawa, har 'yan acaɓa suka baro babura suka kewaye mu.

Baba ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗana, ka duba da kyau kuwa?"

"Kayya Baba, hannu ya riga ya saki."

Ya ɗauke sarauniyar ya ajiye kusa da goronsa. Na buga bishop a f2, sarki ya matsa. Na miƙe tsaye, na gyara hula, na dangwara ɗaya bishop ɗin a g4 har murfin kwalbar ya yi tsalle. "An gama, Baba! Sarki ya mutu!"

"Wane sarkin?" in ji shi. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, sannan ya sa wannan kurtun 'yan fansho ya cinye bishop ɗin.

Jama'a suka juya harshe zuwa yarensu na Gyong, amma dariya ba ta buƙatar tafinta. Wata jikar Baba da ba ta wuce aji biyar ba ta matso ta ce, "Kawu, ai tun da Kaka ya taɓa h3 ya kamata ka faɗa f2 da bishop, doki ya biyo baya da cek. In ya ci dokin, tasa sarauniyar ce za ta tafi." Na ce ai na gani, ladabi ne ya hana ni. Na nemi a sake, ni da baƙi. Baba ya buɗe da kurtun gaban sarauniya, wanda babu shi a bidiyon da na kalla. Mai tsire ya yi ciniki ranar, har 'yan kallo suka ci albarkacina.

Ni har yanzu ban ga aibin Stafford ba. Aibin na mutanen da ba sa bin tsari ne, su tura kurtu inda ba a ce su tura ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kafin in iso gida labari ya riga ni, wai na je Kagoma na yi kyautar sarauniyata a gaban jama'a, kuma uwargida ba ta san ches ba balle ta gane wace ake nufi. Don Allah masu kirana Mai Kyautar Sarauniya a kasuwar Kafanchan ku dakata haka nan, surukaina sun fara aiko da tambaya.