Faifai ma a buɗe masa baki

Ni a ganina, duk mai son cinikin tsofaffin faya-fayan garmaho ya fara zuwa karar Illela ranar Lahadi ya ɗauki darasi. A can ba a sayen rago da kallo. Sai an buɗe masa baki an duba haƙora, an matsa gadon baya, an ja shi ya taka, ko da dillali ya rantse cewa da safen nan ya tsallako daga Birnin Ƙonni yana tsalle. Amma a miƙo wa mutum faifan Mamman Shata ko na Ɗan Maraya Jos da ya shekara 40 a adakar kaka, sai ka ga ya ɗaga shi a rana, ya hure shi, ya goge da hannun riga. Mai kaya ya ce, "Alhaji, wallahi garau yake, ko ƙwarzane babu." Shi ke nan, a sallama.

Turawa masu wannan sana'a suna da ma'aunin daraja da mujallar Goldmine ta Amurka ta yaɗa, tun daga faifan da allura ba ta taɓa hawa ba har zuwa wanda ya tashi aiki. Sai dai galibi da ido ake sa makin, idon kuma na mutumin ƙasar sanyi ne. Faifan roba mai juyi 33 ko 45 a minti ba ya ga maciji da zafi, ga shi a watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato yana haura digiri 40, ɗakin kwano kuwa ba a magana. Yakan ɗan lanƙwashe, ƙurar hunturu kuma ta shige cikin siraran layukan da allura ke bi, inda ido ba ya kai. Abin da ke biyo baya sananne ne: mai saye ya tara maƙwabta, an ɗora shayi, an ɗora faifai, Shata ya ɗauko baiti ya maƙale a rabin kalma. Yana ta nanata ta, kalangu na tsalle wuri guda, 'yan amshi sun yi cirko-cirko an hana su shiga, har ladan ya raba gardama. Don haka na ce faifai a kunna shi gaba da baya kafin a zaro ko sisi.

Za a ce ina garmahon gwaji, ina wutar? To, kasuwar da yaro ɗaya ke cajin tulin wayoyi da ƙaramin janareta ba za ta kasa juya faifai ba. Wasu kuma su ce ai wannan ƙas-ƙas ɗin shi ne armashin tsohon faifai. Na yarda, amma a faɗa wa mai saye, a rage masa kuɗi, ya ɗauki armashinsa da saninsa. Masu ƙarfin hujja su ne waɗanda ke cewa ai malaman fiƙihu sun ba mai saye damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Haka ne, in ya ga mai kayan. A garin kan iyaka mai yiwuwa ne mai kayan ya kwana a Ƙonni, iyakar nan kuwa an rufe ta a Agustan 2019 ba a buɗe ba sai Disambar 2020, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Wanda ya saya ana gobe rufewar farko, wata 16 zai yi yana sauraron rabin kalma kafin ya je ya kai ƙara.