Masu Jinyar Tsohuwar Kwamfuta a Ofisoshin Yamai

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. A ofisoshi da yawa na Yamai ko gezau ba a yi ba, don akwai injinan da har yau suke kan Windows 7, wadda aka sallama tun Janairun 2020, kuma duk ƙarshen wata su ke fitar da takardar albashi. Ƙurar hunturu ta cika musu ciki, zafin Afrilu mai haura digiri 40 ya gasa su. Sauran ƙaddararsu tana hannun mutanen ofis. Ga su nan ɗaya bayan ɗaya.

Malam Sai-Baɗi, kontabul. Kai masa takardar sayen batirin ondilar, akwatin nan da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke. Zai gyara tabarau, ya karanta har ƙasa, ya ce: "Mushe, wannan ba shi da layi a kasafin bana. Sai haƙuri, sai baɗi." Batirin 'yan jikkuna ne. Ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone injin, a yinin nan zai samo kuɗin sabo, har da na taron bita da shayi da nama. Gyara ne kawai ba shi da layi. Jana'iza kullum da kuɗinta.

Mai gida, darakta. Kwamfutar da ta fi kowace sabunta tana teburinsa, kyautar wani shirin masu ba da tallafi. Ba ya buɗe ta. Saƙon imel sai an buga masa a takarda, ya rubuta amsa da biro, a koma a sake bugawa. Na'urar sanyaya ɗaki guda ce mai aiki, tana ofishinsa, uwar garken da ke ɗauke da bayanan ma'aikata kuwa tana sito tare da tsintsiya da tsofaffin tayoyi.

Hajiya sakatariya. Ta fi kowa tausayin injinta. In za ta tashi sai ta lulluɓe shi da atamfa, wani lokacin yana kunne, ya kwana yana haki. Kalmar sirri tana manne a gefen allo, da jan biro. Wasiƙun ofis na shekara goma sha biyar suna cikinsa, babu kwafi ko ɗaya a wani wuri. Da madanninta ya mutu aka kawo mata na gwanjo, tsarin QWERTY na Ingilishi, alhali injin yana kan tsarin AZERTY na Faransanci. Sati guda duk inda ta nufi A sai Q ya fito. Ta ce sammu ne.

Ɗan Katako, mai gyara. A takarda injiniya ne, a aikace mahauci. Injina uku matattu yake feɗewa ya tada guda: ƙwaƙwalwar wannan, faifan wancan, fankar na ukun. Abin da ya rasa sai ya hau babur ya nufi kasuwar Katako ko Babbar Kasuwa. Aljihunsa ba ya rabuwa da sukudireba da ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032. Ya san in batirin ya mutu agogon inji komawa yake shekarun baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa, ofis ya ɗauka layi ne ya yanke. Ya kuma gaji da bayanin cewa Windows 11 na neman wani guntu mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin nan ba su da shi. In komai na tafiya, a ce ba ya aikin komai. In abu ya tsaya, a ce ina amfaninsa.

Yaron mai gida. Ɗan ƙanwar darakta ne, "ya san ordinatar sosai". Maganinsa ɗaya ga kowace cuta: a goge komai a sake zubawa. Kilensa na USB, mai cike da fina-finai da hotunan biki, shi ya raba wa ofis ƙwayar cutar da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi marasa kai ko'ina. Ba mai iya yi masa magana.

Baba planto. A Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha, kamfanin wutar ƙasar, NIGELEC, ya koma raba wuta unguwa-unguwa. A watannin nan Baba ne ya riƙe ofis. Da fanka ta fara rage gudu zai bi ɗaki-ɗaki yana cewa: "Hajiya, a ajiye aiki! Ranka ya daɗe, a kashe!" Shi ke zare wayoyi, ya tada janareta, ya jira wuta ta daidaita kafin ya mayar. Albashinsa ne mafi ƙanƙanta a gidan, kuma ba a taɓa kiransa taron kasafi ba. Laifinsa ɗaya: soket ɗin uwar garke ya fi kusa da tabarmarsa, kuma wayarsa ma tana son caji.