Rabe-raben Mahalarta Taron da Aka Fasa

Tun da aka kafa Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya a 1981, rassanta da sauran ƙungiyoyin marubutan Hausa suka riƙi al'adar zaman karatu, wato taron da marubuci ke karanta wani yanki na littafinsa a gaban jama'a domin a yi masa sharhi. Sai dai akan wayi gari an fasa zaman, ko don maɗaba'a ba ta cika alkawari ba, ko don babban baƙo ya yi tafiyar gaggawa Abuja, kuma sanarwar ba ta riskar mutane sai sun iso bakin ƙofa. A tsayuwar da ke biyo baya ne ake gane abin da ya kawo kowa.

Na farko shi ne masanin bayan fage, wanda ke rantsuwa cewa tun makon jiya ya san taron ba zai yiwu ba, duk da cewa shi ya riga kowa zuwa. Na biyu shi ne mai tambayar makomar lemo da cincin, wanda yake ganin fasa karatu bai kamata ya shafi rabon abinci ba. Na uku kuwa mai hoto ne, wanda zai tsaya gaban allon sanarwa ya gyara hula, kafin magariba kuma ya shaida wa Facebook cewa taro ya yi armashi.

Wanda ya fi cancantar dogon nazari shi ne mai jaka, wato marubucin da bai taɓa buga littafi ba amma ba ya rabuwa da rubutunsa, wanda a wurinsa faɗuwa ta zo daidai da zama. Yakan fara da jajantawa, sannan ya lura cewa abin kunya ne a tara masana haka su watse ba a karanta komai ba, kafin a ankara kuma ya zuge jaka ya roƙi minti biyu kacal. Ba ya soma labarin sai ya karanta sadaukarwa da godiya, inda yake ambaton malamansa tun daga firamare, kuma duk inda jarumar ta yi kuka sai ya dakata ya dubi fuskokin jama'a domin ya ga ko abin ya ratsa su. Idan aka yaba, ya ƙara babi saboda an ji daɗi. Idan aka yi gyara, ya ƙara babi domin a ga cewa amsar tana gaba. Kiran sallar la'asar kaɗai ke katse shi, shi ma na ɗan lokaci, domin masu fitowa daga masallaci sukan tarar da shi tsaye daidai wurin takalmansu, yatsarsa na cikin shafin da ya tsaya.

Duk waɗannan ana yi musu uzuri, amma ban da mai neman kwafin kyauta. Tun daga shekarun 1980, lokacin da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, yawancin marubutan Hausa da kuɗin aljihunsu suke buga littafi, kuma wanda aka fasa taronsa ya riga ya biya kuɗin zaure da hayar kujeru. A irin wannan hali ne mutum zai fito daga mota mai sanyi, ya dafa kafaɗar marubucin, ya ce tunda ba a yi taro ba a ba shi guda biyu, ɗaya na uwargida, ko kuwa a turo masa ta WhatsApp. Wannan cin gumin wani ne da sunan zumunci, kuma littafin da ya karɓa ba zai buɗe shi ba.

Rukuni na ƙarshe su ne waɗanda ke zarcewa teburin mai shayi, inda ake tafka muhawarar da ta fi ta zaure zafi a kan littafin da babu wanda ya karanta. A cikinsu akan sami wani mai shiru da ke rubuce-rubuce a ƙaramin kundi da sunan nazarin halayyar jama'a, wanda bincikensa kan yi zurfi ƙwarai daidai lokacin da mai shayi ya fara lissafin kuɗi.