Hatimin Fayil da Baffa Mai Kai Biyu

Marubucin nan naku ya ɗauki hoton Baffa a bakin zaure har sau uku: na farko duhu kamar an ɗauke wuta, na biyu haske ya wanke shi fes, na uku tsaka-tsaki. Nufinsa ya miƙa su ga Enfuse, manhajar kyauta da ke zuwa a ƙunshi ɗaya da Enblend. Tana bin dabarar da Mertens da Kautz da Van Reeth suka fito da ita a 2007: ta tsinci inda haske ya zauna daidai a kowane hoto, ta gwama su ya zama guda.

Da ya sauko da ita, sai ya ga dogon layin lambobi da haruffa a gindin shafin, an rubuta SHA-256. Wannan shi ne hatimin fayil. Kwamfuta kan niƙe duk abin da ke cikinsa ta fitar da baƙaƙe 64, daga 0 zuwa 9 da a zuwa f. Ko ɗigo aka taɓa, layin sai ya rikiɗe gaba ɗaya.

Gogan naku, da yake ba ya son a ce bai waye ba, ya buga umarnin certutil a Windows don ya gwada. Ko harafin farko bai zo daidai ba! Nan take ya yanke hukunci cewa ɓarayin intanet sun rutsa da shi. Ya goge, ya sake saukewa, ya kuma gogewa, har data ta ce ga garinku nan.

Ƙanwarsa 'yar sakandare ce ta leƙo, ta bi layin da yatsa.

"Yaya, ai naka 40 ne, nasu 64."

Ashe idan ba a gaya wa certutil irin hatimin da ake so ba, SHA-1 take bayarwa. Tun azahar yake gwada mudu da tiya yana zargin mai awo. Ya ƙara SHA256 a ƙarshen umarnin, layukan suka yi daidai harafi da harafi.

Sai aka zo haɗa hoto. Zaure ya fito tas, har zanen tabarma ana gani. Amma Enfuse ba ruwanta da wanda ya motsa, Baffa kuwa ya waiwaya amsa sallama tsakanin hoto na biyu da na uku. Ya fito da kai biyu, kowanne da hularsa.

Baffa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a wanke masa na hagun.