Kau-da-bara Ne, Ko Noti Ya Kwance?

Na san abin da za ku ce tun kafin in buɗe baki: "Gadar nan asiri gare ta." To, ranka ya daɗe Sarkin Baka, ban musa ba. Amma kwalin da aka kafa a mita 100 fa, shi ma boka ne ya ɗaura masa laya? In harsashi biyar suka watse a jikinsa, wannan gabas wancan kudu, sai a ƙyale gada ta sarara, a dubi bindiga.

Wadda nake nufi ita ce mai sakata, da ake ɗagawa a ja baya, a tura a kulle kafin kowane harbi. Ƙirar da Paul Mauser ya fitar a Jamus a 1898 ce kakar da yawa daga cikinsu, Winchester 70 ta zo a 1936, Remington 700 a 1962. Mafarautan Amurka kan yabi bindiga idan harsasanta suka taru cikin inci ɗaya a yadi 100. Naku kuwa sun cika faifai, kuna ta zargin iska.

Zare sakata, ka tabbata ba harsashi, sannan ka ɗauko sukundireba. Na ji wani can baya yana cewa, "Bindigar da na zuba wa kuɗi, noti ne zai kunyata ta?" Shi ne kuwa, Alhaji. Notunan da ke ƙasa su ke riƙe ƙarfen a jikin katako, wasu ƙanana kuma na riƙe madubin saiti. Kowane harbi girgiza su yake. Madubi ya motsa kamar kaurin gashi a nan, can wajen kwali ya zama abin da ido ke gani. A ɗaure notunan daidai gwargwadon da kamfanin ya faɗa, ban da nuna ƙarfin tuwo.

Sai ka zaro takardar kuɗi, kada ka damu, za ta dawo aljihunka. Zagaya ta ƙarƙashin bututun, ka ja ta zuwa gindinsa. A bindigar da aka ƙera bututunta ya tsaya bai taɓa katako ba, sumul za ta wuce. In ta cije, katako na dannan ƙarfe. Shi bututu karkarwa yake yi in harsashi na ratsa shi, kuma ana son karkarwar yau ta zama irin ta jiya. Katako kuwa ya sha laimar damina ya kumbura, hunturu ya busar da shi ya motse, kamar ƙofar ɗakin da ke ƙin rufuwa a watan Agusta. Saitin da ka yi da sanyi ba lalle ya kai ka bazara ba.

Dubi leɓen bututun ma. Ɗan tabo a nan ya isa ya sa iskar albarushi ta fita a karkace ta ture harsashi. Masu zura sandar gogewa ta baki, ku kuke cinye shi. Ta baya ake zurawa, tunda sakata na fita. Kada a jera harbi har ƙarfe ya yi zafi, kada a gauraya harsasan kamfani daban-daban a kwali ɗaya, kuma abu ɗaya ake gyarawa a gwada kafin a taɓa na biyu.

Saura wanda ba ku son a ambata. Ka ba wani ya loda maka, ya ɓoye harsashin bogi a tsakiya ba ka san inda yake ba. Ka ja kunama, ƙas, ba ƙara, amma bakin bindiga ya duƙa ƙasa, idonka a runtse. Wannan ba aikin maƙeri ba ne, tsoron dukan kafaɗa ne ke sa ka zabura kafin harsashi ya tashi. Duk wanda ya rantse ba ya yi, ya ba ƙaninsa ya loda masa, ƙanin nan da bakinsa ba ya shiru.