Ka Ƙure Mata Kunne, Kuma Ka Ce Ta Cika Surutu

Kai mai sabon inji! An ce ka sayar da bijimai biyu ka sayo na'urar neman zinari, kuma tun ba ka bar tashar Agadas ba ka murɗa maɓallin ƙarfin jinta har ya ƙure. Madalla. To ramukan nan goma sha da ka haƙa tun hantsi, me ka tsinta a ciki ban da gumi?

Ka ce ai kuɗinka ka biya, dole ta yi aiki da dukan ƙarfinta? Ranka ya daɗe, ba jaka ba ce. Maɓallin nan ba ya ƙara wa na'urar tsawon hannu zuwa cikin ƙasa. Kunnenta kawai yake buɗewa. Faifan da kake shafa ƙasa da shi yana tura maganaɗisu, ƙarfen da ke binne ya amsa, ita kuma ta saurara. In ka buɗe kunnen ya wuce kima, sai ta ji kowa: zinari, tsakuwa, zobenka, har wayar da ke aljihunka. Je ka tsakiyar Kasuwar Kurmi ranar jajibirin Salla, ka ce za ka ji raɗar mutum ɗaya, mu gani.

Ka ce ƙasa ai ƙasa ce? Haba! Ko manomi ba zai yafe maka wannan ba. Farin yashi mai tsabta shiru ne da shi kamar surukin kirki. A can ka ɗaga lambar maɓallin yadda kake so, babu mai hana ka. Amma jar marmara cike take da tsatsar ƙarfe, baƙin yashin kwari kuma shi ne uban gulma, domin maganaɗisu ma yana ɗaukarsa. Abin haushin, zinari ya fi son zama a irin wannan unguwa mai hayaniya. Ga kuma baƙaƙen duwatsun nan da ke sa inji ya yi ihu kamar ya ga dunƙule, ka ture dutsen da ƙafa, ihun ya bi shi. Ƙasa mai gishiri ko kanwa, irin ta wajen Bilma, in ta sami laima ita ma wuta take ɗauka, sai na'ura ta yi ta kuka babu mamaci.

Na ji ka. Ka ce in ka rage lamba zinarin da ke can ƙasa zai kuɓuce maka. Gaskiya ne, ɗan zurfi yana raguwa, ba zan rantse maka da ƙarya ba. Amma wanda ke can ƙasan da ƙyar yake magana: ɗan lanƙwasa kawai yake yi wa siririn amon nan da ke kunnenka, kamar sauro ya canja murya. In injinka yana tsaki da atishawa kowane taku, ta ina za ka gane shi? Ka taka shi ka wuce, na bayanka mai lamba shida ya ɗauka, ka dawo zango kana cewa asiri ya yi.

Tun kafin ma ka taɓa lambar, ka gabatar da na'urar ga ƙasar wurin. Nemi fili marar ƙarfe, ka riƙa ɗaga faifan kana saukewa kamar mai daka a hankali, har amon ya daidaita. Sannan ka hau da lamba ɗaya-ɗaya. Ta fara ƙorafi? Koma baya taki ɗaya ko biyu. Ka sauka daga tudu zuwa kwari, launin ƙasa ya canja? Sake gaisuwa. Ka ce wahala? Haƙa ramin banza a zafin ranar hamadar Tenere fa, hutu ne?

Wata hayaniyar ma ba daga ƙasa take ba. Lokacin da aka yi rububin zinarin Jado a 2014, kafin gwamnatin Nijar ta rufe wurin a 2017, mutane sun taru daga Nijar, Chadi da Sudan, kowa da injinsa. Inji biyu kusa da juna kuwa kishiyoyi ne, kowanne yana shiga maganar ɗan'uwansa. Gwajin mai sauƙi ne: tsayar da faifan cak a sama. In har yana surutu, ba ƙasa ba ce. Janareta ne, ko maƙwabci, ko hadari mai walƙiya. Matsa gaba, ko ka canja tasha.

Ka ce naka mai tsada ne, ɗan Ostireliya, ya fi ƙarfin wannan? Kamfanin Minelab da ya ƙera shi ai ya san ƙasarsu ja ce, shi ya sa ya ba GPX 5000 lamba daga 1 zuwa 20, ya kuma aje ta a tsakiya. Ƙaramarsu Gold Monster 1000 ma har zaɓin daidaita kanta suka sa mata, ina jin saboda irinka. Da 20 ce kaɗai mai amfani, me zai sa su yi asarar sauran goma sha taran?

Af, wannan ƙarar da take yi duk sanda ka ɗaga ƙafar dama, kar ka haƙa. Dubi hancin takalminka.